An Ce In Dawo Rana Ta Goma, Ba A Ce Min Goman Me Ba

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27, shekara huɗu ke nan da aurena. Na taɓa samun ciki sau ɗaya, ya zube yana wata biyu da 'yan kwanaki. A asibiti aka ba maigidana wata takarda ya sa hannu, ni kuma aka ce in shigo za a ɗan duba ni. Ashe wankin ciki za a yi min. Ba wanda ya gaya min, ba a ba ni komai na kashe zafi ba, da na yi ihu nas ta ce in rufe wa mutane baki, ai ba ni kaɗai ce mace ba. Yau shekara biyu ko ɓatan wata ban ƙara yi ba. Watan jiya likitan mata ya rubuta min wani hoto wai shi HSG. A sashen hoto aka karɓi kuɗi, aka ce in dawo rana ta goma. Na koma ranar 10 ga wata, sai matar da ke wurin ta rufe ni da faɗa a gaban mutane, wai kwana na goma da fara al'ada ake nufi. Matan gidanmu kuma sun cika min kunne. Wannan ta ce ya fi naƙuda zafi, waccan ta ce buɗe mahaifa yake, wata ta ce shi ke toshe ta. Maigidana ya ce likitoci sun fi ni sani, kada in je ina yi musu surutu. Anti, ina son haihuwa, amma da na tuna gadon nan sai jikina ya ɗauki rawa. In je ko in haƙura?

'Yarki, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki ladan cikin da kika rasa, ya kawo rabo mai albarka.

Ki je. Amma zuwa biyu nake so ki yi. Na farko na magana ne zalla, kina zaune a kujera, zaninki a ɗaure, takalminki a ƙafa. Na biyun shi ne na hoton. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɓangaren mata kafin in ajiye, kuma ban taɓa ganin macen da ta iya yin tambaya mai kyau bayan ta kwanta an ɗaga ƙafafunta, fitila na haska ta ba. Ko malamar jami'a ce, a wannan lokacin "to" ne kawai ke fita daga bakinta. Duk abin da kike son sani, kafin ki hau gado ake tambayarsa.

Bari in fara da abin da ya faru shekara biyu da suka wuce, don shi ne ke kaɗa miki jiki, hoton bai riga ya yi miki komai ba. An yi miki ba daidai ba, kuma ba ki da laifi ko kaɗan a ciki. Idan ciki ya zube bai gama fita ba, akwai hanyoyi fiye da ɗaya. Ana iya jira jiki ya fitar da sauran da kansa, ana iya ba da ƙwayar misoprostol, ana iya zuƙe abin da ya rage da wani babban sirinji ta bakin mahaifa, wanda shi ne mafi yawan abin da muke kira wankin ciki a yau. Wani lokaci jini na zuba sosai, ba damar jira, dole a yi wankin nan take. Ko a hakan, faɗin "cikin bai gama fita ba, za mu cire sauran, za ki ji murɗa mai ƙarfi na 'yan mintuna, ga abin da za mu ba ki" ba ya cin minti ɗaya. Maganin zafin ma akwai shi: ƙwaya kafin a fara, da allurar da ake yi a gefen bakin mahaifa don ta kashe wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yi wa kowace mace tayin maganin zafi a irin wannan aiki. Don haka ihun da kika yi ba ragwanta ba ce.

Kalmar nan "za a ɗan duba ki" ni ma ta sha fita daga bakina, ba zan ɓoye miki ba. Muna faɗinta saboda layi ya yi tsawo, saboda mu ma muna jin nauyin kiran abu da sunansa, wani lokacin kuma don tsoron kada mace ta ji gaskiya ta gudu. Akwai wata baiwar Allah da har yau ban manta da ita ba. Na ce mata ba zafi, yanzu za a gama. Da aka fara ta damƙe wuyan hannuna har sai da farcenta ya bar min shaida. Da aka gama ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara hijabinta, ta dube ni ta ce, "Sista, da kin gaya min ai da na shirya." An ba ta ranar dawowa bayan sati biyu, ba ta dawo ba, katinta ya zauna a akwati. Tun daga ranar na daina cewa mace ba zafi. Na gane cewa idan ka ɓoye wa mutum gaskiya don ya kwanta yau, ka kore shi daga asibiti na shekaru. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma halin da kike ciki ke nan.

Ki sani bayani haƙƙinki ne a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya gaya wa mara lafiya halin da yake ciki, da gwaje-gwaje da hanyoyin magani da ake da su, da amfanin kowanne da haɗarinsa da kuɗinsa, da kuma cewa yana da damar ƙin amincewa, tare da abin da ƙin zai iya jawowa. Sashen ya ƙara da cewa, gwargwadon iko, a yi bayanin da harshen da mutum yake ji, a kuma yi la'akari da zurfin karatunsa. A watan Yulin 2018 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda ya maimaita wannan batu, ya haɗa da sirri da mutunci da damar kai ƙorafi. Ban kawo miki wannan don ki je kina karanta wa likita doka ba. Na kawo ne don idan kin buɗe baki za ki yi tambaya, zuciyarki ta san abin da yake naki kike nema, ba roƙo kika zo ba. Game da sa hannu kuwa, a ƙa'idar aikin likita baligi mai hankali shi ke ba da izinin a taɓa jikinsa. Shawara da miji abu ne mai kyau, asibitocinmu ma suna son ganin hannunsa don gudun rigima, amma sa hannunsa ba ya ɗauke wa kowa nauyin yi miki bayani da jin amsarki.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwon. A Ingila mata sun daɗe suna kuka kan aikin leƙa cikin mahaifa da 'yar kyamara, wanda ake yi musu ido biyu bayan an ce musu ɗan rashin daɗi ne kawai za su ji. Sai da ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar ta fitar da takardar ƙa'ida a 2023, wadda ta ce a gaya wa mace tun kafin ranar irin zafin da za ta iya ji, da zaɓin da take da shi har da allurar barci, a kuma dakata idan ta ce a dakata.

Yanzu ga abin da ya kamata a ce an gaya miki ranar da aka miƙa miki takardar hoton. Mahaifa tana da hanyoyi biyu sirara, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a cikinsu ƙwan mace ke haɗuwa da maniyyi. Sikanin da aka saba yi a kan mara ba ya nuna ko hanyoyin a buɗe suke. Shi HSG hoton eksre ne da ake ɗauka yayin da ake ɗura wani ruwa mai aidin a cikin mahaifa, ruwan ne ke fitowa a hoton. Za ki cire kayan ƙasa, a ba ki riga ko zani na asibiti, ki kwanta rigingine a kan teburin hoto. Za a sa miki wani ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa don a ga bakin mahaifa. Akwai sanyi da ɗan takura, amma yawanci ba nan zafin yake ba. Za a goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokacin a riƙe bakin mahaifar da wani ɗan ƙarfe, za ki ji kamar an mintsine ki. Sai a zura siririn bututu, a fara tura ruwan a hankali. A nan murɗar take. Ruwan zai cika mahaifa, ya bi hanyoyin biyu, idan a buɗe suke ya zuba ta ƙarshensu, jiki kuma ya shanye shi da kansa daga baya. Ana iya cewa ki ɗan karkata dama ko hagu. Tura ruwan 'yan mintuna ne, aikin gaba ɗaya ba kasafai yake wuce rabin awa ba. Ba yanka, ba ɗinki, ba abin da ake cirewa daga jikinki. A nan ya bambanta da wankin ciki, duk da cewa kwanciyar iri ɗaya ce.

Dalilin da ya sa likita ya rubuta miki shi ma a fili yake. Bayan ɓari, wani lokaci ƙwayar cuta kan hau ta taɓa hanyoyin, wani lokaci kuma bangon cikin mahaifa kan manne da juna a wasu wurare. Hoton na iya nuna duka biyun, yana kuma iya nuna cewa komai lafiya lau, a juya a nemi dalili a wani wuri. Shekara biyu ba ciki bayan ɓari dalili ne mai ƙarfi na a duba.

Maganar rana ta goma kuwa, wallahi ta ɓata min rai, don duk Bahaushen da aka ce wa ya dawo rana ta goma, kwanan wata zai duba. Ƙidayar tana farawa ne daga ranar da jinin al'ada ya zo sosai, ita ce rana ta 1. Idan ya zo Litinin, Lahadi ce rana ta 7, Larabar makon gaba ce ta 10. Ana son a yi hoton bayan jini ya ɗauke ƙaf, kuma kafin ƙwai ya fito, shi ya sa yawancin wurare ke zaɓar tsakanin rana ta 7 da ta 10, wasu har ta 12. Hikimar ita ce kada a yi wa mace eksre a ɗura mata ruwa alhali akwai ƙaramin ciki da ba a sani ba. Saboda wannan dalilin ne ake cewa ku ƙaurace wa juna daga fara al'adar har a yi hoton. Wannan magana ce da ya kamata maigida ya ji tun da wuri, kada ta zo masa ba zato. Idan al'adarki ba ta da tsayayyen lokaci, ko ta wannan watan ta zo kaɗan ba kamar yadda kika saba ba, ki faɗa, a yi gwajin ciki tukuna.

Matan gidanku kowacce ta kamo wani yanki. Zafi akwai shi, ba zan ce miki babu ba. Mata da yawa suna kwatanta shi da ciwon mara na al'ada mai ƙarfi, ya taso lokacin tura ruwan, ya lafa bayan an gama. Wasu kusan ba sa jin komai. Wasu kuma suna jin sa sosai har da jiri da gumi da tashin zuciya, musamman idan hanya a toshe take ko bakin mahaifa ya matse. Ba mai iya gaya miki tun yanzu ɓangaren da za ki faɗa. Abin da za a iya yi shi ne shiri. An saba cewa mace ta sha maganin zafi irin ibuprofen kamar awa ɗaya kafin a fara, amma ki tambaya tukuna, don bai dace da mai olsa ba, ko mai ciwon ƙoda, ko wasu masu asma. Wasu wuraren suna yin allurar da ke sassauta murɗa. Tura ruwan a hankali yana rage zafi, kuma kina da damar cewa a rage sauri.

Wadda ta ce yana buɗe mahaifa ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Gwaji ne, ba don magani ake yinsa ba, amma an lura wasu matan kan samu ciki a watannin da ke biye da shi, ana ganin ruwan kan wanke 'yar majinar da ta tsaya a hanya. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2017, ya bi mata sama da 1,000. Cikin waɗanda aka yi wa hoton da ruwa mai maiƙo, kusan 40 cikin 100 sun samu ciki a wata shida, waɗanda aka yi wa da ruwan da aka saba kuma kusan 29 cikin 100. Amma matan da aka zaɓa a binciken ba waɗanda ake zargin hanyoyinsu sun lalace ba ne, don haka kada ki ɗora ranki a kan wannan. Wadda ta ce yana toshewa kuwa, ina jin labarin wata ta ji wadda ta kamu da cuta bayan an yi mata. Hakan na faruwa jefi-jefi, galibi idan dama akwai cutar a jiki aka tura ruwa a kanta. Shi ya sa ba a yin hoton idan mace na fitar da ruwa mai wari, ko tana zazzaɓi da ciwon mara, sai an yi magani. Wasu likitocin ma kan rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta a sha kafin ko bayan hoton.

Kin ga ke nan likita na buƙatar bakinki kamar yadda kike buƙatar nasa. Maigidanki ya yi gaskiya da ya ce sun fi ki sanin aikin, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Likita bai san ranar da kika ga jini ba. Bai san ko kina da olsa ba, ko wani magani ko allurar hoto ta taɓa sa miki ƙaiƙayi da kumburi da sarƙewar numfashi. Bai san ko kina matsi ko cusa wani haɗi na masu kayan mata ba, kuma wannan na roƙe ki, ki faɗa ba tare da jin kunya ba, ki kuma dakatar da shi. Mun ga iri-iri, ba wanda zai yi mamakinki. Mafi muhimmanci, bai san abin da aka yi miki shekara biyu da suka wuce ba. Ki gaya masa da bakinki: "Likita, an taɓa yi min wankin ciki ba a gaya min ba, ba a kashe min zafi ba, tun daga nan nake tsoron a taɓa ni." Ma'aikacin kirki idan ya ji wannan, hannunsa ma canzawa yake.

Ranar zuwan farko ki rubuta tambayoyinki a takarda, da Hausa, ko da ajami ne. Mutum na shiga ofishin likita kansa ke ɗaukewa, sai ya fito ya tuna abin da ya so tambaya. Kada su yi yawa, don bayan ke akwai mata cike da benci, likitan ma wataƙila tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ki fara da cewa, "Likita, don Allah ina da 'yan tambayoyi, ba zan ci lokacinka ba." Ki tambayi me ake nema a hoton, me za a ba ki na zafi kuma yaushe za ki sha, wa zai yi aikin, ko akwai abin da za ki saya ki zo da shi bayan kuɗin da kika biya, kuma wa zai fassara miki sakamakon. Ki tambaya ko akwai wata hanyar idan kin kasa jurewa. Akwai: wasu wuraren suna duba hanyoyin da sikanin ana ɗura ruwa, akwai kuma aikin da ake yi a tiyata da allurar barci, a leƙa ta cibiya da kyamara, sai dai ya fi tsada kuma ya fi nauyi. Idan ya jefo kalmar Turanci, ki ce, "Ban gane wannan ba, da Hausa fa?" Idan ba ya jin Hausa, ki roƙa a kira nas mai ji. Kada ki bari a ce yaro ko wani namiji daga layi ya yi miki tafinta a irin wannan magana.

Akwai wata dabara da na fi yarda da ita fiye da kowacce. Kafin ki tashi, ki maimaita abin da kika ji: "Bari in faɗa ka ji ko na gane. Ranar da jini ya zo ita ce ta ɗaya, in zo ranar kaza, in sha magani kaza da ƙarfe kaza." Da kin yi haka a tagar sashen hoto, da a nan take za a gane cewa ke 10 ga wata kika fahimta. Ki kuma roƙa a rubuta miki a bayan katin. A sashen hoton ma ki tsaya ki tambaya ko ranar da jini ya zo za ki dawo ki karɓi rana, ko waya ake bugawa, da kuma abin da za ki yi idan ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi.

Idan kin fi son mace ta yi miki, ki faɗa tun ranar karɓar lokaci, kada ki bari sai ranar aikin. Ba kullum ake samu ba, likitocin hoto mata ba su da yawa, amma sau tari ana iya daidaita ranar da wadda take aiki. Idan namiji ne, haƙƙinki ne a samu ma'aikaciya mace a ɗakin daga farko har ƙarshe, a rufe ƙofa, a lulluɓe ki in ban da wurin da ake aiki. Idan asibitin koyarwa ne za ki iya tarar da ɗalibai, kina iya cewa ba ki so, ko a rage su. Kuma kafin ki kwanta ku yi yarjejeniya da mai aikin: "Idan na ce a tsaya, don Allah a tsaya." Ki jira ki ji ya amsa. Ki roƙa ya riƙa gaya miki kowane mataki kafin ya yi, yanzu zan sa ƙarfen, yanzu ruwan zai shiga. Abin da mutum ya san yana zuwa bai kai wanda ya faɗo masa ba zato ciwo ba, don jiki ba ya ƙanƙamewa. Ki tafi da mace guda wadda kike sakewa da ita, yayarki ko aminiyarki. Saboda hasken eksre wataƙila a ce ta jira a waje, amma za ta riƙe miki jaka, ta raka ki gida. Kada ki ɗauki wadda za ta dawo ta baza labarinki a tsakar gida.

Idan aka sake yi miki tsawa ko wulaƙanci, ba sai kin rama ba. Ki nemi metiron mai kula da sashen ki gaya mata cikin natsuwa. Asibitocin gwamnatin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar ƙorafi. Wadda ta yi miki faɗa a gaban mutane, kuskuren wurin aikinta ta ɗora miki.

Saura maigida. A wasiƙarki ban ga inda kika ce an gwada shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma dalilin kan fito daga mace, ko daga namiji, ko daga su biyun. Gwajin maniyyi ba zafi, ba allura, kuɗinsa bai kai na hotonki ba, abin da ake buƙata kawai ya ƙaurace na kwana 2 zuwa 7 kafin ya bayar. Cikin da kika taɓa samu bai isa a ce ba sai an duba shi ba, don jikin namiji ma yana canzawa. Bai kamata ke ki hau teburin hoto shi ba a duba nasa ɓangaren ba. Amma na san mazanmu, wannan magana ta fi shiga idan daga bakin likita ta fito. Ki roƙe shi ya raka ki zuwan farko, ki ce masa likita zai yi bayanin kwanakin da za ku ƙaurace da abin da za a kashe, kin fi so ya ji da kunnensa. A ciki sai ki tambaya a gabansa, "Likita, akwai gwajin da shi ma zai yi?" Idan akwai abin da ba za ki iya faɗa a gabansa ba, ki nemi minti biyu ke kaɗai, ko ki gaya wa nas a gefe. Sashe na 26 na Dokar Lafiyar nan ya ce bayanin lafiyarki sirri ne.

Ranar hoton ki ci abinci mara nauyi, sai dai idan sun ce kada ki ci. Ki sa audugar mata a jaka, don ruwan zai riƙa dawowa, mai ɗan danƙo, wani lokacin da ɗigon jini na kwana ɗaya ko biyu. A likitance wannan ba jinin al'ada ba ne, hukuncin sallah kuma ki tambayi malamarku ta Islamiyya tun kafin ranar don kada ki shiga ruɗu. Bayan an gama kada ki yi zumbur ki miƙe, ki zauna jirin ya wuce. 'Yar murɗa zuwa yamma ba abin damuwa ba ce. Amma idan zazzaɓi ya zo, ko ciwon mara yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ruwa mai wari, ko jini ya fi na al'ada, ki koma asibiti a ranar, kada ki tsaya a kemis.

Idan sakamako ya fito, kada ki ba ɗan maƙwabta mai karatun kimiyya ya karanta miki, kada kuma ki ɗauki hotonsa ki tura zauren WhatsApp. Wani lokaci saboda zafi ko tsoro bakin hanyar kan tsuke na ɗan lokaci, hoton ya nuna kamar a toshe take alhali lafiyarta ƙalau, sai an sake dubawa a gane. Mace mai hanya ɗaya a buɗe ma tana samun ciki. Ki kai wa likitan da ya rubuta miki, ki ce ya ɗaga hoton ya nuna miki da yatsa: ga mahaifa, ga dama, ga hagu, ga inda ruwan ya zuba ko ya tsaya. Sannan ki tambaye shi mene ne mataki na gaba, kuma yaushe.

Yau ɗin nan ki samu kalanda ko ki buɗe ta wayarki. Ranar da jini ya zo ki sa mata alama, ki rubuta 1. Kafin nan ki je zuwan farko. Idan kin dawo ki rubuto min abin da likitan ya ce, in akwai kalmar da ta shige miki duhu mu warware ta tare. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a dace.

Antinki